Rumbu Kafin Ƙofa: Lacca Kan Tsara Batir da Haɗa Inbata Biyu a Gida



Mai girma shugaban taro, iyayenmu da suka bar hidimominsu suka zo, abokan sana'a masu wayarin da masu sola, da ƙannenmu 'yan koyo da nake hangowa can baya, ina yi muku barka da zuwa. An ɗora mini nauyin yin magana kan yadda magidanci zai tsara ajiyar wuta a gidansa, musamman idan yana so ya haɗa inbata biyu ko fiye su yi aiki tare kamar ɗaya.

Duk wanda ke zaune a nan ya san abin da ya kawo mu. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, sai mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya ja igiyar janareto. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. A Oktoban shekarar kuma manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka samu matsala, muka kwashe sama da mako guda cikin duhu, masu ƙanƙara da masu walda da teloli suka zauna hannu rabbana. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗanɗana tasu a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse musu wuta bayan juyin mulki. Saboda haka duk mai ɗan hali ya karkata ga sola, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kuɗin mutane ke zubewa a wurin da bai kamata ba.

Bari in fara da wani gida da aka kira ni a cikin birnin Kano. Gida ne babba mai sassa uku, maigidan dattijo ne ɗan kasuwa. Na same shi a zaure da la'asar, bayan mun gaisa ya ce, "Injiniya, inbata biyu na saya, kowanne kVA 5, an ce mini goma ke nan. Amma da an kunna famfon bohol alhali esi na aiki, sai gidan ya ɗauke ɗif. In ma ba a kunna famfon ba, ƙarfe ɗayan dare wuta ta ƙare." Ya kai ni ɗan ɗakin da aka ajiye kayan, kusa da kicin. Inbatocin na jikin bango sababbi ƙal, fitilunsu na ƙyalli. A ƙasa kuwa batirin litiyom ɗaya ne tal, mai am 100. Na durƙusa na taɓa wayar da ta fito daga gare shi, sai na ji ta da ɗumi kamar bayan tukunya, robar bakin kusoshin har ta fara sauya launi. Na ce, "Alhaji, inbatocinka lafiyarsu ƙalau. Rumbunka ne ƙarami, aka yi masa ƙofa biyu."

A kan wannan maganar laccata ta yau take tsaye. Batir shi ne rumbu, inbata ƙofar rumbu ce. Faɗin ƙofa yana nuna yawan hatsin da za a iya fitarwa a lokaci ɗaya. Girman rumbu shi ke nuna kwana nawa hatsin zai kai iyali. Wanda ya ƙara ƙofa bai ƙara ko zangarniya ɗaya ba. Da yawa daga cikin masu zuwa wurina da zancen inbata na biyu, batir suke bukata, ba su sani ba.

Lissafi biyu ake yi kafin a taka ƙafa kasuwa, kuma littafin makaranta mai shafi arba'in da biro sun isa.

Na farko lissafin dare ne. Kowa ya san yunit, tunda shi muke saya a mita. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Mu ɗauki gida mai fanka huɗu, kowace wat 70, suna juyawa awa goma: yunit 2.8 ke nan. Ƙwayayen lantarki goma sha biyu masu wat 10, awa shida: yunit 0.7. Talabijin da dikodarsa wat 100, awa biyar: rabin yunit. Firji mu ba shi yunit ɗaya zuwa wayewar gari. Mun tashi da yunit 5. Shi kansa inbatan yana da cinsa. Ko ba a kunna komai ba, irin masu kVA 5 ɗin nan kan lashe wat 40 zuwa 70 don kawai su zauna a kunne, sannan wajen juya wutar batir zuwa wutar gida kusan kashi goma cikin ɗari kan tafi a zafi. Mu ce yunit 6 da ɗoriya. Yanzu a kawo esi ɗaya mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wanda ke jan kusan wat 1,100. In ya yi awa shida ya cinye fiye da yunit 6 shi kaɗai. Esi ɗaya ya ci abin da gidan gaba ɗaya ke ci. Ina so wannan ya zauna a zukatanmu, domin a nan lissafin yawancin gidaje ke wargajewa.

To mene ne a cikin rumbun? Batirin litiyom da ya cika kasuwa yanzu ɗakuna goma sha shida ne a jere, kowanne bolt 3.2, jimla bolt 51.2. In am 100 ne, yana ɗauke da yunit 5.12, kuma mai son ya daɗe ba ya kwashe fiye da kashi tamanin zuwa casa'in, wato yunit huɗu da ɗan wani abu. Tsohon abokinmu batirin ruwa, wanda muke kira tubula, mai bolt 12 da am 200, yana ɗauke da yunit 2.4. Huɗu a jere sun ba da 9.6, amma rabi kawai ake ci in ana so ya ga shekaru, wato 4.8. Kun ga tubula huɗu da litiyom ɗaya kusan aiki ɗaya suke yi. Gidan da muka lissafa, ba tare da esi ba, yana son litiyom biyu. Da esi yana son uku, huɗu in ana son sarari. Alhajin da na ba ku labarinsa ɗaya gare shi, shi ya sa ƙarfe ɗayan dare ke zame masa asuba.

Lissafi na biyu shi ne na taron kaya: wane lokaci ne aka fi kunna abubuwa a tare, kuma wat nawa suke haɗuwa? Wannan shi ke faɗa maka faɗin ƙofar da kake bukata. A nan ina roƙon iyayenmu maza wata alfarma. Kada maigida ya zauna a zaure ya yi wannan lissafin shi kaɗai. A shiga ciki a tambayi uwargida. Ita ta san cewa da hunturu ana jona hita a bokiti kafin yara su tafi makaranta, ita ta san ranar guga, ita ta san akwai butar lantarki a ɗakin amarya. Hita da dutsen guga da butar lantarki kowannensu kan ja wat 1,000 zuwa 2,000. A gidan Alhaji sai da Hajiya ta leƙo ta bayan labule ta ce, "Ai ba a faɗa maka injin markaɗe ba," sannan lissafina ya daidaita.

Sai a kula da abubuwa masu mota a ciki, irin su famfon bohol da firji da tsohon esi. A daƙiƙar da suke tashi sukan fizgi ninki uku zuwa shida na abin da suke ci in sun daidaita. Sai kuma a karanta takardar inbata da kyau, domin kVA daban, kilowat daban. Wani mai kVA 5 kilowat 5 yake bayarwa, wani kuwa 4 kawai.

Idan an yi wannan lissafin tsakani da Allah, gidaje da yawa za su ga taron kayansu bai kai wat 4,000 ba. Irin wannan gida inbata ɗaya mai kilowat 5 ya ishe shi, kuɗin na biyun ya tafi ga batir. Ku tuna kowane inbata na cin kusan yunit ɗaya ko fiye a yini don zaman kansa kawai. Na biyun da ba a bukata baƙo ne da ake ciyarwa kullum daga rumbun da dama bai isa ba.

Akwai gidan da haɗin biyu ya dace da shi, ban musa ba. Gidan da esi uku ke aiki lokaci ɗaya da famfo, ko wanda ke da shago ko ɗan asibiti a jikinsa. Akwai mai son ƙara farantan sola fiye da abin da inbata ɗaya zai karɓa. Akwai mai injin da ke son layi uku, wanda sai an ba kowane layi inbatansa. Akwai kuma wanda ba ya son gida ya mutu gaba ɗaya ranar da ɗaya ya lalace. Duk waɗannan dalilai ne na ƙwarai. Ga irinsu nake so in ɗan dakata, domin a nan aikin ke da wuya.

Wanda ya taɓa riƙe garmar shanu zai fi kowa gane abin da ke faruwa. Bajimai biyu a karkiya ɗaya, in tafiyarsu ta zo ɗaya, kunya takan fita a miƙe. In ɗaya ya riga ɗaya taku, ƙarfin da ya kamata ya shiga ƙasa sai ya koma jan juna. Wutar gidajenmu kai da komowa take yi sau 50 a kowace daƙiƙa, a kan bolt 230 ko kusa da haka. Inbata biyu da aka haɗa bakinsu wuri ɗaya dole su tashi tare su sauka tare a kowane ɗaya daga cikin hamsin ɗin nan. In ɗaya ya saɓa ko da ƙiftawar ido, sai ya tura wuta cikin ɗan'uwansa, kuma abin da ke biyo baya ƙauri ne da hayaƙi. Shi ya sa ba kowane inbata ake haɗawa ba. Sai wanda kamfaninsa ya ƙera don haka, kuma su zama iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, manhajar cikinsu ɗaya. Akwai siraran wayoyi da ke tafiya tsakaninsu, waɗanda suke magana da juna ta cikinsu, ɗaya ya zama jagora ɗayan ya bi, su raba kaya daidai. Waɗannan wayoyin su ne karkiyar. Na sha ganin an bar su a kwali an ce ba su da amfani.

Daga nan wata shawara ta fito ga masu cewa, "Bari in sayi ɗaya bana, baɗi in ƙara." Niyya ce mai kyau, amma kasuwar nan sauyawa take kamar yayin atamfa. Baɗi kana iya komawa ka tarar samfurin ya ɓace, ko an sauya masa manhaja, sabon ya ƙi jituwa da tsohon. In ka tabbata biyu za ka yi, saye su tare. In kuwa dama kana da ɗaya kuma ba a samun irinsa, akwai hanya mai sauƙi da mutane ke rainawa: a raba gidan biyu a akwatin rarraba wuta, wannan ya ɗauki fitilu da fankoki da firji, wancan ya ɗauki esi da famfo, bakinsu kada ya haɗu ko kaɗan. Kowa da kunyarsa, babu karkiya, babu faɗa.

Yanzu mu koma ƙasa wurin batir, inda wayar Alhaji ta yi ɗumi. A gefen gida wat 5,000 am 22 ne kacal, saboda bolt ɗin na da yawa. A gefen batir bolt ɗin 50 ne, don haka wat 5,000 ɗin nan ya zama am 100, da asara ya haura. Inbata biyu a cike sun wuce am 200. Kowane batirin litiyom yana da allo a cikinsa mai gadinsa, wanda muke kira BMS, kuma a yawancin masu am 100 iyakar abin da mai gadin ke bari ya fita am 100 ne, wasu kamfanonin ma rabin haka suke ba da shawara a riƙa ja yau da kullum. Da famfon Alhaji ya fizga, mai gadin ya ga an wuce iyaka, sai ya rufe. Aikinsa ya yi, kuma da bai yi ba da labarin ya fi haka muni. Saboda haka ko da lissafin darenka ya ce batir biyu sun isa, in inbata biyu za su yi aiki a cike, uku ne mafi ƙarancin abin da hankalina ke kwanciya da shi. Haka wajen caji: kowane inbata na iya tura am 80 ko 100, kuma na biyun haɗuwa suke a kan batir ɗaya. Dole a shiga saiti a rage, ko a haɗa wayar sadarwa daga batir zuwa jagoran inbata domin batirin ya riƙa faɗin abin da zai iya karɓa.

Inbatocin da aka haɗa rumbu ɗaya suke ci, ba a ba kowanne batirinsa daban. Ana kafa sandunan tagulla biyu masu kauri, ɗaya na ja ɗaya na baƙi, kowane batir ya kawo wayarsa can, kowane inbata ya ɗauka daga can. Ƙannena 'yan koyo, ku saurara da kyau: tsawon wayoyin nan da kaurinsu dole su zo ɗaya. Wuta hanya mafi sauƙi take bi. In wayar wani batir ta fi guntu, shi zai riƙa ɗaukar dakon kullum, ya tsufa ya bar 'yan'uwansa. Na san zuciya ba ta son a bar waya ta yi lanƙwasa alhali ana iya yanke ta a tsuke, amma a bar ta. Am 100 yana son tagulla mai kaurin murabba'in milimita 35, am 200 yana son 70. Zafin da waya ke yi kuwa ba tafiya ɗaya yake da ƙaruwar wuta ba: in am ya ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. A kuma kankare bakin waya da wuƙa tun a shago. In fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, gorar ruwa ce aka yi wa rufin tagulla, a ajiye musu abarsu.

Kowane batir da kowane inbata ya samu fis ko birekarsa, kuma ta wutar batir, ba ta wutar gida ba. Dalili shi ne wutar gida tana ratsa sifili sau ɗari a daƙiƙa, don haka tartsatsinta kan mutu da kansa. Wutar batir miƙe take, in ta kama tartsatsi sai ta riƙe kamar ta mai walda. Kafin a haɗa batura wuri ɗaya a caja su su zo daidai, kada cikakke ya kwarara cikin wanda ya yi ƙasa. Tsohon tubula da sabo ba sa zama tare, tsohon zai ja sabon ƙasa. Tubula da litiyom kuwa ko kusa.

Farantan sola akasin batir ne, kowane inbata da nasa jerin, ba a haɗa musu. A ƙasarmu kilowat ɗaya na faranti kan ba da kusan yunit huɗu a yini in an cire asarar zafi da ƙura. Gidan da ke son yunit 13 da dare da kamar 8 da rana yana bukatar faranti goma masu wat 550, biyar nan biyar can. Kada a jera goman a layi ɗaya. Kowanne kan kai kusan bolt 50 in ba a jansa, goma sun kai 500, iyakar da yawancin inbatocin nan ke ɗauka ke nan ko ma sun wuce, kuma da sanyin safiyar hunturu bolt ɗin faranti ƙaruwa yake. A tuna da Agusta mai hadari, a tuna da hazon Janairu da ke son a wanke faranti duk mako.

Wutar NEPA da ke shiga inbatocin biyu ta fito daga layi ɗaya. Gidajen da aka saba zare fis a koma layin da ke da wuta su yi hattara da wannan. A sa makunnin sauya layi na gaske, wanda ba zai bar wutar gida ta koma kan turke ba, domin akwai bawan Allah da zai hau ya yi gyara yana zaton layin a mace yake. A kafa sandar ƙasa, a sa abin kare tsawa kafin damina ta faɗi.

Ɗakin kayan ma yana da hakkinsa. Batir na son sanyin da mutum ke so, wajen digiri 25. Na tubula, duk ƙarin digiri goma a kan haka yana rage masa kusan rabin rayuwa, mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri bazara kan haura 40. Ɗaki ya zama mai iska, nesa da rana da murhu, ba ƙarƙashin kwano tsirara ba. Tubula yana fitar da iska mai kamawa da wuta in yana caji, kada a kulle shi, kada a kwana da shi. A bar tazara tsakanin inbata da inbata don kada wannan ya shaƙi zafin wancan, kuma a riƙa kaɗe ƙurar da ke toshe musu fanka.

A gidan Alhaji abin da muka yi ke nan. Muka zauna da littafi, shi da Hajiya da babban ɗansa, muka tarar taron kayansu na kaiwa wat 7,000 da bazara, don haka inbatocin biyu suka tsaya. Ya ƙaro batir biyu irin na farkon, muka caja su suka zo ɗaya, muka kafa sandunan tagulla, muka yanka wayoyi shida tsawo ɗaya, muka fitar da kayan daga jikin kicin zuwa ɗakin da ke kallon arewa. Famfon bohol aka mayar da shi ƙarfe goma sha ɗayan safe, lokacin da rana ke biyan kuɗinsa, guga ma haka. Da na koma bayan wata biyu, cikin Afrilu, na sa hannu a kan wayar da esi biyu ke ja ta cikinta, na ji ta da sanyi. Allon batir ya nuna saura kashi 30 da aka fito sallar asuba.

Shugaban taro, a nan zan dakata, sauran lokacin na masu tambaya ne.